Kwamfutar Sautu da Tsinken Hajiya Mairo

Motar wake ce ta sauke ni a Dakata, cikin Kano, da hantsi, a ƙarshen shekarun tamanin. Na diro daga kan buhuna ƙafafuna sun yi tsami, jakata a rataye. A cikinta akwai kaya kala biyu, da mitar auna wuta, da wani littafi mai baƙin bango wanda ko da wasa ba na barin kowa ya taɓa. Sunana Lawali, mutumin Damagaram. Tun ina yaro aka san ba ni da zama. Ko a sahu nakan riga liman ɗagowa, har yau kuma ban gama warkewa ba.

Littafin nan shi ne dalilin zuwana. Babana magini ne, amma zanen bango ne ya fitar da sunansa. Shi ne mai zuwa bayan an gama yaɓe, ya tsaya a ƙofar gida da ɗanyar ƙasa a hannu, ya fitar da dagi da sarƙa da ganye masu tudu, kowane gida da nasa. Siminti ya zo ya kashe masa kasuwa, damina kuma kowace shekara sai ta cinye bango ɗaya ko biyu. Shi ya sa na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na kwafe zanen a littafi. Ni lantarki na koya a makarantar sana'a a Maraɗi, sannan na yi shekara biyu a Yamai a wani ofishin masu zana taswira. A can na fara ganin kwamfuta ta riƙe alƙalami tana zane da kanta. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Na ce a raina, in dai abin nan zai zana kogi da hanya, to zai zana dagin Baba, a buga shi a atamfa, mata su ɗaura, ruwan sama ya yi ta zuba in ya ga dama. Atamfa kuwa a Kano ake buga ta. Matsalar ɗaya ce, yanar ido ta fara kama Baba, dama da hagu. Da na gaya masa niyyata dariya ya yi, ya ce in zan kawo in kawo da wuri, don bai yi alkawari da idon cewa zai jira ni ba.

Ban yi minti goma a ƙasa ba Kano ta fara koya mini karatu. Tireloli na huci, leburori na gudu da buhuna a ka, ni kuma ina tsaye ina waige-waige kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Sai ga wani mutum fes da shi, biro uku a aljihun gaba, ya miƙo mini hannu.

"Daga Faransa ake?" in ji shi. Haka mutanen Kano ke kiran ƙasarmu.

Kafin mu gama gaisawa na zazzage masa cikina kaf, har mitar na ciro na nuna masa. Ya ce ai na faɗo hannu na gari, manajan wani kamfani a Bompai abokinsa ne, jiya-jiyan nan yake cigiyar mai irin ilimina. Muka taka har ƙofar kamfanin. Ya ce, "Kawo mitar in shiga da ita. Su manyan nan sai sun ga kayan aiki suke yarda." Na ba shi. Na tsaya har azahar, na tsaya har la'asar. Maigadin wurin, wani dattijo mai carbi, ya gaji da ganina ina kai da kawo, ya kira ni. Da ya ji bayani sai ya nuna mini wata ƙofa ta baya mai fita ɗaya titin, ya ce mutumin ko ofis bai kalla ba. Na shafa jaka na ji littafin yana nan, sannan na zauna a ƙasa.

Dattijon nan ya zuba mini shayi, ya ba ni tabarma a rumfarsa. Mako uku na yi a wurinsa. Bai taɓa tambayata yaushe zan tafi ba, ni kuma saboda rawar kai na bar wurin ban riƙe sunansa ba. Abin yana damuna har yau.

A makonnin nan babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba a Bompai. Takardata da Faransanci aka rubuta ta. Wani akawu ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini ya ce in je in kawo ta gaske. Kwamfuta ɗaya na gani a duk yawona, ta taga, a ofishin biyan albashi, an lulluɓe ta da zane kamar tuwon baƙo. Na tambaya ko za a bar ni in duba ta, aka nuna mini hanyar waje.

Daga nan sai Sharaɗa. Na samu wuri a shagon Malam Isiyaku, mai naɗa wayar injinan kamfanoni in sun ƙone, yana kuma da injin sassaƙa ƙarfe a bayan shago. Mutum ne mai sanyin hali, maganarsa ɗaya-ɗaya, ni kuwa ina yi masa tsalle-tsalle a shago. In na ce "kuran ya tafi", yadda muke kiran wutar lantarki a gida, sai duk layin a kwashe da dariya, har sunana ya koma Kuran. Ina dariya tare da su, amma kewar gida tana cina. Furar Kano ba ta yi mini, ruwan ma wani ɗanɗano yake yi mini. In na ga tsoho ya wuce da sanda sai in tuna Baba.

A Sharaɗa wasiƙar farko ta same ni, ta hannun direban motar waken. Ƙanwata Zuwaira ce ta rubuta. Ta ce Baba yana ganin mutum, amma ba ya gane fuska sai an yi magana. Na karanta a tsaye, na ninke, na ce wa Malam Isiyaku ni fa naɗa waya ba shi ya kawo ni Kano ba.

"To zauna mana mu yi shawara," in ji shi.

"Malam, ku faɗa ina ji."

Ya girgiza kai. Ya ce akwai wani ƙaramin kamfanin buga atamfa a Challawa, na wani Alhaji Sabo, suna ɗaukar leburori. Ba aikin ilimi ba ne, ɗaukar dila ne. Na ce ko shara ce zan yi, in dai a inda ake buga atamfa ne.

Challawa tun daga nesa take yi wa mutum sallama da warin jimar fata. Da safe kekuna ke kwararowa daga ƙauyukan Kumbotso, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a baya, masu fita aiki suna wuce masu shiga ba mai kallon wani. Na shiga sahun masu ɗaukar dila. Wuyana ya sha wuya, amma idona a buɗe yake. Na ga yadda ake yi: kowane launi da nasa faranti, sai an raba zane launi-launi a kan farar leda kafin a yi farantin. Zanen kuwa daga ƙasashen waje ake sayo shi, wasu dattawa uku su zauna su yi ta kwafa da hannu, zane ɗaya ya ci musu wata guda.

Wata rana aka ce mu kai wasu kwalaye wani sabon ɗaki mai na'urar sanyi. Ina ajiye nawa na ga abin da ke cikin wanda aka buɗe. Injin zane ne, irin na Yamai, har ya fi shi girma. Mai gyaran wutar kamfanin yana tsugune, ya yanke fulogin da injin ya zo da shi don bai shiga soket ba, ya fere wayoyin zai cusa su haka nan.

"Kai, tsaya! Kada ka sa!" Ban san lokacin da na yi tsalle na riƙe hannunsa ba. "Kuran ɗin ba ɗaya ba ne!"

"Lebura ne zai koya mini aiki?" ya ce, yana fizgewa.

Wani gajeren mutum mai farar shadda da ke bakin ƙofa ya ce a bar ni in yi magana. Shi ne Alhaji Sabo. Na juya injin na nuna masa ɗan ƙarfen da ke bayansa. Na ce wannan na Amurka ne, wutarsu ɗari da goma ce, tamu ta ninka ta. Ana sawa hayaƙi zai tashi, shi ke nan an yi jana'iza.

Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa, da ƙurar auduga a gashina. "Ka san kan abin nan?"

"Ranku ya daɗe, shekara biyu na yi da irinsa."

"To in ka tayar da shi, me kake so?"

Na ciro littafin daga cikin rigata, don ko wurin aiki da shi nake zuwa. Na ce zanen farko da za a buga ya zama daga nan. Ya buɗe shafi biyu uku, ya yi murmushi, ya ce ya yarda.

Kwana biyu na yi ina buɗe kwalaye, murnata tana raguwa da kowane kwali. Ashe da sautu Alhaji ya haɗa kwamfutarsa. Ya ji labarin cewa Turawa da ita suke zanen da yake saye, sai ya yi abin da kowane Bakano zai yi, ya jira masu tafiya. Surukinsa da ya je Landan ya kawo akwatin kwamfutar da abin da ke cikinta. Ɗan ƙanensa mai karatu a Amurka ya aiko da injin zane da allon da ake bin zane a kai da alƙalami. Wani abokin kasuwancinsa ya kawo faifan ajiya daga Hong Kong. Yayarsa kuma, Hajiya Mairo, mai safarar kaya daga Jidda, ita ta kawo allon kallo, wani ƙato da kowa ke kira talabijin. Dukansu magana ɗaya ya gaya musu: a sayo wanda ya fi kowanne kyau.

Kuma sun sayo. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai abin a yaba ne, amma babu wanda ya san ɗan'uwansa. A cikin akwatin akwai kati mai aika hoto zuwa allo, bakinsa rami tara ne, wayar talabijin ɗin Hajiya kuwa haƙori goma sha biyar gare ta, jeri uku. Faifan Hong Kong ya zo babu katin da ke yi masa tafinta da sauran. A kan babban allon ciki akwai gurbi fanko na ƙaramar ƙwaƙwalwar lissafi, wadda manhajar zanen ba ta tashi sai da ita, kuma dole ta zama dangin babbar, gudunsu ɗaya. Alƙaluman injin zane su huɗu duk sun bushe, don kwalin ya yi watanni a sito cikin zafi.

Ina cikin wannan hali, rana ta uku, Hajiya Mairo ta zo ganin an kunna talabijin ɗinta. Doguwar mace ce mai haƙorin Makka, in ta shigo wuri kowa gyara tsayuwa yake yi. Alhaji na nan, manaja na nan, dattawan zane uku sun biyo baya.

"Ina mai gyaran?" ta ce. "Me ya hana a kunna?"

Da na yi shiru na minti ɗaya da ban rubuta wannan labari haka ba. Amma wasiƙar Zuwaira na aljihuna, raina a dagule yake, bakina kuma ya riga hankalina.

"Hajiya, wannan da kuka sayo ba ya shiga. Ba shi da amfani a nan. Shi mai kantin bai tambaye ku komai ba, kawai ya ɗora muku?"

Hajiya ta juya. Ta gyara mayafinta ta fita. Alhaji ya bi ta har mota, da ya dawo fara'ar nan tasa babu ko ɗigo.

"Koma kan dilolinka," ya ce. Aka kulle ɗakin.

Ba a kushe sautu. Mutum ya bar nasa harkokin ya shiga kasuwa saboda kai, ya yi dako, ya yi rigima da ma'aikatan filin jirgi, sannan ka ce masa a gaban mutane an cuce shi? Ko a Damagaram ba a yi, na sani sarai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko a aikin ma ban faɗi daidai ba. Da na zauna na yi tunani, na ga talabijin ɗin Hajiya shi ne mafi dacewa da aikin atamfa a duk kayan, shi ke iya nuna launi yadda ido ke so. Katin Landan ne raggon, launi goma sha shida kawai ya iya. Shi ya kamata a sauya. Bayan mako biyu na ji Hajiya ta tashi zuwa Jidda, inda duk abin da nake buƙata yake a kanti, ta je ta dawo ban ba ta saƙon ko allura ba.

Wata huɗu na yi ina ɗaukar dila ina wuce ƙofar ɗakin nan a kulle. Sau uku ina ɗaure jakata zan koma gida, sau uku ina kwancewa, don ban san abin da zan ce wa Baba ba. Sai wasiƙa ta biyu ta zo. Zuwaira ta ce yanzu rana da inuwa kawai yake bambantawa, amma in an kawo abu mai launi kusa da fuskarsa yakan ce ja ne ko shuɗi. Ta ce kullum aka yi sallama sai ya tambaya ko mutumin Kano ne. Ni ne ɗansa na fari, ba ya kama sunana.

Na tafi Sharaɗa na ajiye wasiƙar a gaban Malam Isiyaku. Ya sa tabarau ya karanta a hankali.

"Ka je ka durƙusa mata," ya ce.

"In ta kore ni fa?"

"Ka koma gobe. Kuma Kuran, in ka je, don Allah ka zauna. Kada ka yi musu sintiri a ƙofar gida."

Ranar Juma'a bayan an sauko na je gidanta. Aka ce in jira a soro. Awa uku na yi a kan tabarma, ƙafafuna na ƙaiƙayi, na ƙirga azarar rufin nan har na haddace. Can aka ce in shiga. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta.

"Kai ne Bafaranshen nan mai baki?"

"Ni ne, Hajiya. Na yi kuskure, ku yafe mini. Naku ne ma mai kyan, ni ne ban duba da kyau ba."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ɗan nan, shekara ashirin ina karɓar sautu. Mai son takalmi, tsinken tsintsiya take karyawa daidai ƙafarta ta ba ni. Mai son zobe, zare take ƙullawa a yatsa. Ban taɓa kawo wa mace abin da bai shiga ba. Ƙanena ya ce in sayo mai kyau, na sayo mai kyau. Wa ya ba ni tsinke? Kai da ka iya tsiya a gaban mutane, ina naka tsinken?"

Duk karatuna na Maraɗi da Yamai babu wanda ya taɓa faɗa mini maganar a taƙaice haka. Na ciro littafin na miƙa, na gaya mata labarin Baba da idonsa. Ta yi ta buɗe shafuka, ta tsaya a kan wani dagi mai sarƙa kewaye da shi.

"Wannan zai yi kasuwa," ta ce. Sai kuma ta ɗago a fusace. "Kai wane irin yaro ne? Me ya hana ka faɗi wannan tun farko? Da tuni na kawo. Yanzu sai Umarar azumi."

Washegari aka buɗe mini ɗakin. Wannan karon daga aikin na fara. Na je wurin dattawan zane na tambaye su launi nawa atamfa ke ɗauka, faɗin zane nawa ne. Daga nan na tsayar da talabijin ɗin Hajiya a matsayin ƙafar da za a auna, kowa ya bi shi. Na yanka kwali daidai tsawon gurbin da kati ke zama a cikin akwati, har da inda yake da tsaga. Na huda wani kwalin rami goma sha biyar, jeri uku. Na cire wayar faifan sukutum na haɗa. Na kwafi lambar da ke kan babbar ƙwaƙwalwa baƙi-baƙi, na sa busasshen alƙalami ɗaya. Na ɗaure su duka a hankici na kai mata. Ta kwance ta duba ɗaya-ɗaya, ta sa na maimaita mata wanne ke shiga wanne har sau biyu, sannan ta jefa ƙullin a jakarta.

Jira ya fi ɗaukar dila wuya. Malam Isiyaku ya naɗa mini taransifoma mai rage wuta don injin Amurka. Da na ce ina tsoron ɓata sababbin alƙaluma wajen gwaji, sai ya sassaƙa mini wani mariƙi na tagulla wanda biro na kasuwa zai zauna a ciki. Na ce nawa ne, ya ce in tafi in ba shi wuri. Azumin nan na rame, ba don yunwa ba. Duk jirgin da ya wuce sama sai na ɗaga kai.

Kwana biyar bayan Salla Hajiya ta shigo kamfanin da kanta, ta dire jaka a kan tebur.

"Na sa mai kantin nan ya zazzage kantinsa," ta ce. "Ya kawo wani ya ce ya fi tsada, na ɗora kwalinka na ga ya ɗara, na ce mayar. Ya ce Hajiya ke injiniya ce? Na ce a'a, sautu aka ba ni."

Na zura katin a gurbinsa. Ya zauna daram. Wayar talabijin ta shiga bakinsa ba gardama. Na sa ƙaramar ƙwaƙwalwa, na haɗa faifai da tafintansa, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya, allo ya yi haske, launuka suka fito reras. Dattawan zane suka yi salati. Hajiya ta dubi ƙanenta ta ce, "Ka ga talabijin ɗina ko?"

Kwana shida na yi ina bin dagin nan mai sarƙa a kan allo, ɗigo bayan ɗigo. Gwajin farko da biro na yi shi, a kan wata takarda mai kauri. Ashe tagullar Malam Isiyaku ta yi nauyi, injin kuma yana bin kowane layi sau da yawa don ya yi kauri. Biron ya nutse a takardar har ya kusa huda ta. Alhaji ya ce wannan ta lalace, a jefar. Na jefa ta bayan ƙofa, na sa alƙaluman Jidda, aka zana a leda tsaf, launi uku: shuɗi, da ƙasa-ƙasa, da fari. Yin faranti da haɗa rini suka ci wasu makonni, ina bin kowa a baya ina azalzala har mai rini ya yi rantsuwa zai tsoma ni a tukunya.

Ranar da atamfar ta fito daga inji na ga dagin Baba yana ta maimaita kansa, yadi bayan yadi, ba iyaka. Na yi kuka a gaban leburori ban ji kunya ba. Alhaji ya yanke turmin farko ya ba ni. Na waiga neman abin naɗewa, ban ga komai ba sai lalatacciyar takardar nan ta bayan ƙofa. Na naɗe turmin da ita na kama hanyar tasha, ko sallama ban yi wa Malam Isiyaku ba.

Na iso Damagaram damina ta riga ta sauka. Baba na zaune a zaure, fuskarsa na kallon ƙofa. Na yi sallama.

"Mutumin Kano ne?"

"Ni ne, Baba. Na kawo."

Na kwance takardar na yar a gefensa, na warware atamfar a kan cinyarsa. Zuwaira na tsaye a bakin ƙofa, ta girgiza mini kai a hankali. Na ɗaga zanen har ya taɓa hancinsa, na juya shi wajen haske. Na ce ga shuɗi nan, Baba, ga ƙasa-ƙasa. Bai ƙifta ba. Ya sa tafin hannu ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake shafawa.

"Tana da laushi," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Santsi kawai yake ji. Wata huɗun nan da bakina ya cinye suka dawo mini a rai. Na miƙe zan fita, don ban san inda zan sa kaina ba.

Sai na ji ƙarar takarda. Hannunsa ne ya sauka a kanta yana neman sandarsa. Ta kife, bayanta ne a sama, inda biron ya turo layukan suka yi tudu. Yatsunsa suka tsaya. Suka koma baya, suka kama layi ɗaya suka bi shi, ya lanƙwasa suka lanƙwasa, ya shige ƙarƙashin wani suka fito ta ɗaya gefen.

"Wannan ai na ƙofar gidan Malam Abdu mai goro ne," ya ce. "Shekarar da aka haife ka na yi shi. Amma wa ya juya shi? Ni daga dama nake farawa."

"Bayan takardar ne kuke shafawa, Baba."

"To bar shi haka, nan ne yake da tudu." Yatsunsa na kan sarƙar. "Bangon ya faɗi a ruwan makon jiya. Sun ɓoye mini, amma na ji ƙararsa."

Ya tura wa Zuwaira atamfar ya ce ta kai wa tela. Takardar kuwa ya shimfiɗa ta a cinyarsa, iska na ɗaga gefenta.

"Ina kake? Na ji ka a tsaye. Zauna ka riƙe mini nan, ban gama dubawa ba."

Na zauna na riƙe gefen takardar. Ya fara daga farko, a hankali, yana gyara mini inda na yi wa sarƙar gaggawa. Har aka kira la'asar ban motsa ba.